Ƙarkon Banish da Hanyoyin Kula da Kayan Katako

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa ta yau da wuya mutum ya shiga gida ko ofis ko makaranta bai tarar da kayan katako ba. Gado da kabad da madubin amarya, teburin malami da bencin ɗalibai, ƙofa da kantar littattafai, duk aikin kafinta ne, kuma galibinsu akan shafe su da wani ruwa mai sheƙi kafin su bar hannunsa. Wannan sheƙi shi ne abin da ido yake fara gani a kasuwa, shi ne kuma yakan sa mai saye ya zaɓi wannan ya bar wancan. Sai dai sau da yawa ba a cika shekara biyu ba sai a ga sheƙin ya dushe, fuskar tebur ta tsage, ko shafin ya fara ɓamɓarewa kamar ɓawon itace. A nan sai mai kaya ya zargi kafinta da ha'inci, kafinta kuma ya zargi mai kaya da rashin kula. Wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarkon banish bai rataya ga sheƙinsa ba. Ya rataya ne ga halin katakon da ke ƙarƙashinsa, da irin shafin da aka yi, da kuma yadda ake goge shi yau da gobe a cikin yanayi irin namu, inda iska take bushewa ƙayau a hunturu, ta kuma cika da laima a damina.

1.1 Kalmar da abin da take nufi

Kalmar banish bakuwa ce, Hausa ta aro ta daga Ingilishi, ta kuma yi mata kwaskwarimar da ta saba yi wa baƙin kalmomi. Tun da Hausa ba ta da sautin leɓe da haƙora mai ziza wanda kalmar take farawa da shi a harshenta na asali, sai ta musanya shi da /b/, kamar yadda ta yi a kalmomin bidiyo da basilin. Wasu kafintoci kan ce banis. Haka kuma /p/ ta koma /f/ a sauran kalmomin wannan sana'a, irin su fenti da folish da falanki da samfefa. Ɗalibin da yake nazarin aron kalmomi zai sami taska mai yawa idan ya zauna yini guda a rumfar kafinta da alƙalami a hannu.

A bakin jama'a, duk wani shafi da ake ganin katako ta cikinsa banish ne, ko kuma folish. A wajen masana kuwa akwai bambanci. Banish na asali haɗi ne na abubuwa uku: ƙaro, da mai mai bushewa, da ruwan da ke sirka su domin su shafu. Ƙaron shi ne ke ba da tauri da sheƙi, man shi ne ke ba da laushi don kada shafin ya yi ƙamas ya farfashe, ruwan sirki kuwa yakan bi iska da zarar an gama shafawa. A ƙarni na 19 masana'antun Turai sun dogara ƙwarai da ƙaron itatuwa da ake kira kofal, wanda ake saye daga Zanzibar da Kongo da gaɓar Afirka ta Yamma. Yau kuwa kusan duk ƙaron da ke cikin gwangwani na masana'anta ne.

Kafin zuwan wannan duka, Bahaushe yana da nasa dabarun. Masassaƙi yakan ƙona fuskar akushi da ƙarfe mai zafi har ta yi baƙi, sannan a shafe ta da mai. Wannan mai yana shiga cikin itacen ne, ba ya yin fata a kansa, don haka ba abin da zai ɓare. Banish kuwa fata ce siririya da ke kwance a bisa katako, kaurinta bai fi na takarda ɗaya ko biyu ba. Duk abin da za a faɗa nan gaba ya danganci wannan fata ce da abin da ke iya samun ta.

1.2 Katako ba ya daina motsi

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, katako ko ya shekara ɗari da sarewa yana nan yana shan laima daga iska, yana kuma sake ta. Idan iska ta yi laima sai ya kumbura, idan ta bushe sai ya tsuke. Masana kan auna ruwan da ke cikin katako da kashi cikin ɗari na nauyinsa. Idan katako ya daɗe a inda laimar iska take kashi 80 cikin 100, ruwan jikinsa yakan daidaita a wajen kashi 16. Idan kuwa laimar ta sauka zuwa kashi 20, ruwan jikinsa yakan koma kashi 4 zuwa 5. To, waɗannan alƙaluma biyu su ne kusan abin da ake samu a garuruwa irin su Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram: na farko a watan Agusta, na biyu a tsakiyar hunturu, har ma yakan yi ƙasa da haka da rana. 

Motsin katako ba daidai yake a kowace fuska ba. A tsawonsa, wato bin jijiya, kusan ba ya motsi. A faɗinsa ne yake kumbura yana tsukewa, kuma falankin da aka yanko daga gefen gungume yana motsi kusan ninki biyu na wanda aka yanko ta tsakiyarsa. A bisa ƙiyasi, katako irin maɗaci yakan sauya faɗi da kimanin kashi 0.2 cikin 100 a duk lokacin da ruwan jikinsa ya sauya da kashi ɗaya. Ke nan fuskar tebur mai faɗin santimita 90, idan ruwanta ya sauka da kashi takwas, za ta iya tsukewa da fiye da santimita ɗaya. Idan kafinta ya ɗaure wannan fuska tam da ƙusa da gam ta kowane gefe, bai bar mata wurin motsi ba, to, ba ta da wata mafita illa ta tsage. Wannan ne dalilin da ya sa mutane kan ji kabad ko ƙofa ta yi ƙara da daddare a watan Janairu, da kuma dalilin da ya sa aljihun tebur da yake zamewa cikin sauƙi a rani yakan cije a damina.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. Mafi yawan katakon da ake aiki da shi a Arewa daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, daga jihohi irin su Edo da Ondo da Delta da Kuros Riba. Garin Sapele ma ya yi suna a harkar katako har wani nau'in itace ya ɗauki sunansa a kasuwar duniya. Katakon da aka shanya a can yakan tsaya da ruwa mai yawa a jikinsa, domin iskar can ba ta bushewa kamar tamu. A wajen mai sayarwa busasshe ne, amma a ma'aunin Arewa da sauransa. Idan aka sauke shi yau, kafinta ya yanka gobe, ya haɗa gado ya fesa masa shafi saboda biki ya matso, to, katakon zai ƙarasa bushewa ne a ɗakin amarya. Gaɓoɓi za su saki, shafi ya tsattsage a inda falanki ya haɗu da falanki. Ba banish ɗin ne ya gaza ba, an ɗora shi ne a kan abin da bai gama zama ba. Don haka kafinta mai tsoron Allah yakan jera katako a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya bar shi makonni kafin ya taɓa shi. A yanzu akwai 'yar na'ura mai tsinke biyu da ake cakawa a katako ta nuna yawan ruwansa nan take.

Wajibi ne a jaddada cewa banish ba ya hana katako shan laima. Jinkirta shi kawai yake yi. Amma wannan jinkiri ba ƙaramin amfani ba ne, domin katakon da ya bushe sannu a hankali cikin watanni ba ya tsagewa kamar wanda ya bushe cikin kwanaki. Daga nan ake gane kuskuren da ya zama ruwan dare, wato a shafe inda ido ke gani a bar ƙasan tebur da bayan kabad da gindin ƙafafu tsirara. Bakin katako, inda zarto ya gitta jijiya, yana shan ruwa fiye da ninki goma na fuskarsa. Gindin ƙafar kujera kuwa bakin katako ne, kuma shi ne yake zaune a cikin ruwa duk lokacin da aka wanke ɗaki.

1.3 Ire-iren shafi da ƙarkonsu

Ana iya kasa shafin katako gida biyu ta la'akari da yadda yake bushewa. Akwai wanda yake bushewa don kawai ruwan sirkinsa ya bi iska. Irin wannan, ko bayan shekaru, idan aka sake zuba masa wancan ruwa zai narke. Akwai kuma wanda bayan ruwan ya tafi sai ƙwayoyinsa su sarƙu da juna su zama wani abu dabam, wanda ba ya komawa ruwa har abada. Wanda ya riƙe wannan rabe-rabe ya riƙe rabin ilimin.

A gida na farko akwai shalak. Ana samun sa daga wani ɗan ƙwaro da ke zama a rassan itatuwa a Indiya da Tailan, yana fitar da wani abu mai kama da ƙaro. Ana narka shi da sifirit, a shafa da ƙullin auduga sau da yawa har ya yi sheƙi kamar madubi. Wannan hanya ta yaɗu a Turai tun farkon ƙarni na 19, ana kiran ta folish irin na Faransa. Kyawunsa ba a magana, amma zafi da sifirit da sabulu mai ƙarfi duk suna ɓata shi. Sai kuma abin da kafintoci ke kira laka, wadda ba ta da wata dangantaka da lakar kogi, aron kalma ne kawai ya haɗa su. Ana yin ta da sinadarin naitiroselulos, ta kuma shahara ne a farkon shekarun 1920, lokacin da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da ita don fesa wa motoci. Takan bushe cikin 'yan mintoci, don haka masu aikin gaggawa suke son ta, kuma mafi yawan kayan da ake fesawa da inji a rumfunan bakin titi ita ce a jikinsu. Ta fi shalak juriya, amma tina da turare da ruwan goge jan farce suna narka ta, tana kuma yin ƙamas idan ta tsufa.

A gida na biyu akwai banish mai mai, wanda ake haɗawa da ƙaron alkid, da kuma foliyuretan. Asalin sinadarin foliyuretan daga Jamus yake, inda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano shi a shekarar 1937. A cikin abin da ake shafawa da burushi, shi ne ya fi jure karce da ruwa da zafi, don haka shi ya fi dacewa da teburin cin abinci da teburin makaranta. Akwai nau'insa da ake sirkawa da ruwa, wanda ba shi da wari sosai, ba ya kuma yin rawaya idan ya daɗe kamar yadda mai mai yake yi. Akwai kuma mai gwangwani biyu da ake haɗawa daf da fesawa, wanda manyan masana'antu suke amfani da shi, ya kuma fi sauran tauri.

Sai dai a nan akwai wani abin lura. Wanda ya fi ƙarko shi ne ya fi wuyar gyara. Idan shalak ko laka ta karce, sabon shafi yakan narka tsohon su zama ɗaya, tabon ya ɓace. Foliyuretan kuwa ba ya narkewa, saboda haka sabon shafi ba ya kama tsohon sai an ƙanƙare fuskarsa da samfefa mai laushi don ya sami wurin riƙewa, kuma faci a jikinsa yakan fito fili. A ganina wannan bai hana a fifita shi a wurin da ake yawan aiki ba, amma kuskure ne a ɗauka cewa shi ne maganin komai. Tauri ma ba kullum ne alheri ba. Ƙofar da take waje, wadda katakonta yake motsi sosai, ta fi buƙatar banish mai yawan mai da ke iya miƙewa, irin wanda aka ƙera tun asali don jiragen ruwa.

Mai son ya san irin shafin da ke jikin kayansa yana iya gwadawa a wani lungu da ba a gani. Ya ɗiga sifirit ya jira kaɗan: idan wurin ya yi danƙo, shalak ne. Idan bai yi ba, ya ɗiga tinar laka: idan ya narke, laka ce. Idan duka biyun ba su narka shi ba, banish ne ko foliyuretan.

Ya kamata a ambaci cewa yawancin kayan ɗakin da ake yayi yanzu ba katako ba ne, allo ne da aka yi da garin itace da gam aka matse, wanda ake kira MDF, sannan aka lulluɓe shi da wata fata ta roba mai zanen itace. Irin wannan ba banish a jikinsa, ba a kuma goge shi da samfefa. Fuskarsa tana da juriya, amma da zarar ruwa ya shiga ta gefe ko ta ƙasa sai ya kumbura kamar burodin da ya jiƙa, kuma ba ya komawa.

1.4 Abubuwan da ke cin banish

Babban abokin gabar banish a ƙasarmu shi ne ƙura, ko kuma a ce yadda muke goge ta. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, balle fatar banish. Duk wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya murza tebur mai ƙura, to, samfefa ya yi masa bai sani ba. Karcen farko ba ya ganuwa, amma idan aka yi haka safe da yamma har wata uku, sai haske ya daina dawowa daga fuskar tebur sak, a ce banish ya mutu. Abin takaici, mai tsafta ya fi saurin kashe kayansa ta wannan hanya fiye da malalaci. Abin da ya dace shi ne a jiƙa ƙyallen auduga mai laushi, a matse shi sosai har ya zama ɗanshi ne kawai a jikinsa, a ɗauke ƙurar a hankali ana bin jijiyar katako, ana juya ƙyallen, sannan a bi da busasshe. Idan akwai maiƙo ko dattin hannu, ɗigo biyu na sabulun wanke kwanuka a cikin ruwa sun isa. Garin sabulu da bilic da soson ƙarfe ba su da wurin zama a nan.

Na biyu shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda yake ratsa banish ya isa katako, ya ruguza sinadarin da ke riƙe zaruruwan itace, wato lignin. Idan fuskar katakon ta ruɓe a ƙarƙashi, banish ya rasa abin da zai kama, sai ya ɗago ya ɓare. Wannan ya sa banish da zai shekara goma ko fiye a cikin ɗaki ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu a ƙofar da ke fuskantar rana ba tare da an sabunta shi ba. Kayan da za su zauna a waje, fenti ya fi yi musu amfani, domin launinsa yana tare hasken. A cikin ɗaki ma gilashin taga ba ya tare wannan haske duka, saboda haka labule yana da aikin da ya wuce ado.

Na uku shi ne ruwa da zafi. Kowa ya san farin zoben da kofin shayi ko ƙwaryar ruwan sanyi take bari a kan tebur. Farin tabo alama ce cewa laima ta maƙale a cikin fatar shafin, ba ta isa katako ba, kuma yakan gyaru. Wani lokaci yakan ɓace da kansa cikin kwanaki. Idan bai ɓace ba, ana iya shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga, a ɗora dutsen guga mai ɗan ɗumi na 'yan daƙiƙu, ana ɗagawa ana dubawa. Baƙin tabo kuwa labarinsa dabam ne: ruwa ya riga ya ratsa ya shiga katako, sau da yawa ya haɗu da tsatsar ƙusa, kuma ba ya fita sai an kankare shafin gaba ɗaya. Tukunya daga wuta, da kaskon turaren wuta, da fitilar kwai, duk suna buƙatar faifai ko wani abu a ƙarƙashinsu.

Madubin amarya kuwa shi ya fi kowane kaya shan wahala, domin a kansa ake jera kwalaben turare, turare kuma mafi yawansa sifirit ne. Ɗigo ɗaya da ya gangaro daga bakin kwalba ya isa ya bar zobe a kan laka ko shalak. Tire ko faranti a ƙarƙashin kwalaben ya kashe wannan magana. Har ila yau, ledar da ake shimfiɗawa a tebur da niyyar kare shi takan yi akasin haka, domin sinadarin da ke tausasa ledar yana iya tsatsowa ya shiga laka, su manne da juna, musamman a lokacin bazara.

Gara da ƙwaron da ke huda katako yana zubo da gari ba su damu da banish ba, ta inda ba a shafa ba suke shiga. Maganinsu shi ne a janye kabad daga jikin bango kaɗan, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa leƙa bayansa musamman a damina, lokacin da fumfuna ma take samun wurin zama.

1.5 Batun shafa mai

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa katako yana jin ƙishirwa, don haka sai an riƙa ciyar da shi da mai. Saboda haka ake ganin masu shafa man gyaɗa ko basilin ko kananzir, wasu har da baƙin man inji. Idan an bi bayanin da ya gabata za a ga cewa wannan ba shi da tushe. Abin da katako yake rasawa a hunturu ruwa ne, ba mai ba, kuma man da aka shafa a kan banish ba ya ratsa fatar ya isa katako. Yana zama ne a sama, ya yi sheƙi na kwana ɗaya, sannan ya kama ƙura. Man gyaɗa ma yakan yi danƙo ya yi hamami. Folish na feshi da ake saye a kanti yana da tasa illar, domin da yawansa yana ɗauke da silikon, wanda idan ya shiga tsagar shafi yakan hana sabon banish kwanciya a ranar da aka zo gyara, sai a ga ya yi ramuka kamar idon kifi. Abin da ya fi dacewa shi ne kaki, na zuma ko wanda ake sayarwa a gwangwani, a shafa kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara, a bari ya sha iska, a murje da ƙyalle. Kaki ba ya ƙara wa banish tauri, santsi yake ba shi, sai abu ya zame a kansa maimakon ya karce shi.

1.6 Sabunta shafi, da abin da ya shafi makaranta

Lokacin gyara shi ne sa'ad da sheƙi ya dushe amma fata ba ta fashe ba. A wannan mataki wankewa da gogewa da samfefa mai lamba 320 da shafi ɗaya ko biyu sun wadatar. Idan aka bari har ta ɓare, sai an kankare komai zuwa tsurar katako, a bi da samfefa mai lamba 120, sannan 180 ko 220, kullum ana bin jijiya. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yakan bushe a sama cikinsa yana ɗanye, daga baya ya yamutse. Katako irin loko, wanda kafintoci suka fi sani da iroko, yana da wani sinadari da ke jinkirta bushewar banish mai mai, don haka akan fara goge shi da tina. A kuma sani cewa bushewa dabam, ƙosawa dabam. Banish yakan bushe a taɓa shi cikin sa'o'i, amma ba ya kai cikakken taurinsa sai bayan mako uku zuwa huɗu.

Tina da tururinta suna kama wuta, suna kuma cutar da mai shaƙa, saboda haka a yi aikin a inda iska ke wucewa, nesa da murhu da yara. Tsumman da ya jiƙa da man linsid ko banish mai mai, idan aka cukuikuye shi aka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe, ko a nutsar da shi a ruwa. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, don haka kada a sa ɗalibai su kankare shi.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin gobe da wannan duka? Amsar ita ce, katako mai kyau yana ƙara wuya. Saran maɗobiya da aka yi ba ji ba gani, musamman a jihar Taraba, don kaiwa ƙasar Sin, ya sa aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take taƙaita cinikinsu daga farkon 2017, sannan a taron 2022 aka ƙara da dangin maɗaci da na kawo. Tsohon teburin maɗaci da ke ɗakin malamai, wanda ake ganin ya tsufa, wataƙila ya fi sababbin da za a kawo daraja, kuma abin da yake nema bai wuce gwangwanin banish da yini biyu na aiki ba. Malamin aji shi ne yake tsara masu shara, shi ne zai ce a yayyafa ruwa kafin a share, a goge benci da ɗanyen ƙyalle, a janye wanda ke bakin tagar da ruwan sama ke fesowa, a kuma ɗaure gaɓar da ta fara girgiɗi kafin ta karye.

Zaɓen lokacin aiki ma yana buƙatar tunani, domin kalandar makaranta ba ta jitu da bukatar banish ba. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da laima take jinkirta bushewar banish mai mai, take kuma sa laka ta yi fari-fari kamar hazo idan an fesa ta. Wanda zai yi aiki a lokacin sai ya fara a makon farko na hutu, ya zaɓi ranakun da gari ya washe, ya bar aƙalla kwana ɗaya cur tsakanin shafi da shafi, domin kayan su sami makonnin ƙosawa kafin ɗalibai su dawo. Hutun Disamba kuwa iska a bushe take, shafi yana saurin kamawa, amma ƙura tana sauka a kansa tun yana ɗanye. A irin wannan lokaci sai a share ɗaki tun da yamma, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe tagogin da ke fuskantar gabas da arewa, a bar na ɗaya ɓangaren a buɗe, sannan a yi shafin da sassafe kafin iska ta taso.